Daren da Aka Kashe Jiniya a Bhopal

A shekarar 1982 hukumar wata masana'antar maganin ƙwari da ke birnin Bhopal, a tsakiyar ƙasar Indiya, ta yanke wata shawara wadda a lokacin ba ta yi kama da babban al'amari ba. Masana'antar tana da jiniya biyu: ƙarama wadda ma'aikata ke ji a cikin haraba, da babba wadda kukanta ke kaiwa unguwannin da ke kewaye. Da can a haɗe suke, in ɗaya ta tashi ɗayar ma ta tashi. To amma ƙananan yoyon gas sun yawaita a wurin, kuma duk sa'ad da babbar ta yi kuka sai hankalin maƙwabta ya tashi, tambayoyi su biyo baya. Sai aka raba su. Ƙa'ida ta koma cewa in an samu yoyo a bar babbar ta yi ɗan kuka kaɗan sannan a kashe ta, ƙaramar ta ci gaba da gargaɗin na ciki.

A daren Lahadi 2 ga Disamba 1984, wayewar garin Litinin, an bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa. Da misalin ƙarfe 12:50 na dare wani ma'aikaci ya tayar da jiniya, babbar ta yi kuka na ɗan lokaci, aka kashe ta. A daidai wannan lokaci kimanin tan 40 na iska mai guba na fita ta saman wani dogon bututu, tana sauka a kan mutanen da ke barci. Ba a sake kunna babbar jiniyar ba sai wajen ƙarfe 2:15, bayan tankin ya riga ya amayar da kusan duk abin da ke cikinsa. Ma'aikatan da ke bakin aiki sun san gas ɗin, sun duba inda iska ta nufa, suka gudu ta inda take fitowa, suka tsira. Mutanen da ke bayan katanga, tazarar titi ɗaya tak, ba wanda ya taɓa gaya musu ko sunan abin da ake ajiyewa a gabansu. Tarihin masifar Bhopal, wadda har yau ba a yi hatsarin masana'anta da ya kai ta kisa ba, akasarinsa tarihin wannan tazara ce tsakanin abin da na ciki suka sani da abin da aka bar na waje cikin duhunsa.

An kafa masana'antar a 1969, a zamanin da Indiya ke fafutukar ciyar da kanta ta hanyar sabon iri da takin zamani da maganin ƙwari. Mai ita shi ne kamfanin Union Carbide na Indiya, wanda uwar kamfanin da ke Amurka ke riƙe da kashi 50.9 cikin ɗari na hannun jarinsa, sauran kuma na bankunan gwamnati da 'yan ƙasar ne. Babban abin da take fitarwa shi ne maganin feshi mai suna Sevin. Da farko daga Amurka ake kawo sinadaran a haɗa su a Bhopal. Daga baya aka gina sashen da zai riƙa yin mafi hatsarinsu a nan gida, ya soma aiki a 1980. Sunan sinadarin metil aisosayanet, ana taƙaita shi da MIC.

Dole a ɗan tsaya a kan halin wannan sinadari, domin duk abin da ya biyo baya daga halinsa ya taso. Ruwa-ruwa ne marar launi, kuma yana tafasa ya zama iska a zafin da bai wuce digiri 39 ba, wato zafin rana na yau da kullum a Bhopal lokacin bazara ya isa ya tayar da shi. Tururinsa ya ninka iskar da ake shaƙa nauyi kusan sau biyu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, yana shiga lungu da ƙofa da taga, kuma yaro ya fi babba shaƙarsa don ya fi kusa da ƙasa. Babban abokin gabarsa ruwa ne. In suka haɗu sai zafi ya taso, zafin ya ƙara hanzarta haɗuwar, haɗuwar ta ƙara zafi, har abin ya fi ƙarfin mai tsayarwa. Tsatsar ƙarfe ma tana ingiza shi. A jikin mutum kuwa duk inda ke da danshi nan yake ci: ido, maƙogwaro, huhu. Huhun ya cika da ruwan jikin mai shi, mutum ya nutse alhali yana tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Adadin da hukumomin ƙwadago na Amurka suka yarda ma'aikaci ya zauna a cikinsa tsawon yinin aiki shi ne 0.02 cikin miliyan ɗaya na iskar ɗaki.

Injiniyoyin da suka zana wurin sun san wannan duka, kuma sun jera kariya bisa kariya. MIC yana zaune a manyan tankuna uku na baƙin ƙarfe marar tsatsa, da aka binne cikin kankare, masu lamba 610 da 611 da 619, kowanne na cin lita dubu 68. An hana cika tanki fiye da wajen rabinsa, kuma an ce a bar ɗaya babu komai domin in wani ya rikice a juye a ciki. Akwai na'urar sanyaya da za ta riƙe sinadarin kusa da sanyin ƙanƙara, inda ko ruwa ya shiga haɗuwar za ta yi jinkiri, a samu sa'o'in yin dabara. In gas ya kuɓuce duk da haka, zai bi ta cikin wata hasumiya da ke yi masa wanka da ruwan soda, irin wadda ake sabulu da ita, ta kashe dafinsa. Abin da ya tsallake wannan zai je wata hasumiyar mai harshen wuta a ƙone shi, kamar yadda ake gani a matatun mai. A can ƙarshe akwai famfunan feshi da za su yi wa wurin labulen ruwa.

Kasuwa ce ta fara karya wannan tsari. A farkon shekarun 1980 cinikin Sevin ya faɗi, manoma sun koma wa wasu magunguna masu araha, masana'antar ta shiga asara, har aka soma maganar kwance ta a kai wata ƙasa. Wurin da ake shirin rufewa kuwa ba mai son kashe masa kuɗi. Aka rage masu kula da sashen MIC daga mutum 12 zuwa 6 a kowane zubi na aiki. Aka soke muƙamin mai duba gyare-gyare na dare. Gogaggun ma'aikata da dama suka bar aikin, waɗanda suka maye gurbinsu aka gajarta musu horo, ga littattafan aiki da Turanci alhali yawancinsu Hindi suke ji. A watan Yunin 1984 aka kashe na'urar sanyaya, aka kwashe gas ɗin da ke cikinta. Ƙararrawar da ke gargaɗi in zafin tanki ya hau ta zama ba ta da amfani, tunda tankin kullum a sama da iyaka yake. A ƙarshen Oktoba aka dakatar da yin sabon MIC, sai aka ɗauka cewa hasumiyar soda ma tana iya hutawa. Hasumiyar wuta kuwa an cire wani ruɓaɓɓen sashe na bututunta ba a mayar da sabo ba. Tanki na 610 yana ɗauke da kimanin tan 42, fiye da ƙa'ida nesa ba kusa ba, kuma tun makonni ya ƙi riƙe matsin iskar naitirojin da ake tura sinadarin waje da ita, don haka ba a iya rage shi ba.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da mai ɗaukarsa zai ji cewa ganganci yake yi. Wanda ya kashe na'urar sanyaya ya san akwai hasumiyar soda. Wanda ya kwantar da hasumiyar soda ya san akwai ta wuta. Yawan kariyar da kansa ya zama hujjar cire kowace ɗaya, kuma babu wani mutum guda da aikinsa shi ne ya tsaya ya ƙirga nawa suka rage.

Gargaɗi bai yi ƙaranci ba. A Disambar 1981 wani ma'aikaci mai suna Ashraf Khan yana gyaran bututu sai fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ake amfani da ita wajen yin MIC, ta fantsamo masa. Cikin firgita ya cire abin rufe fuskarsa, ya shaƙi tururin, bayan kwana uku ya rasu. Wata guda bayan haka fosjin ta sake kwantar da ma'aikata 24 a asibiti, a Fabrairu kuma yoyon MIC ya taɓa wasu 18. Ƙungiyar ma'aikata ta yi ta rubuta koke, har ta liƙa takardun gargaɗi a unguwanni. A watan Mayun 1982 uwar kamfanin ta aiko masu bincike uku daga Amurka, suka lissafa matsaloli 61, talatin daga ciki manya.

Marigayi Ashraf yana da aboki ɗan jarida, Rajkumar Keswani, mai wata ƙaramar jaridar mako-mako ta harshen Hindi mai suna Rapat. Keswani bai karanci kimiyyar sinadarai ba. Watanni ya shafe yana tattara takardu daga hannun ma'aikata yana koyon abin da ke cikinsu, sannan daga watan Satumbar 1982 ya fara buga jerin rahotanni yana roƙon mahukunta su ceci birnin, yana cewa Bhopal zaune take a bakin dutse mai aman wuta. Ya sake maimaita gargaɗin a jaridar Jansatta a watan Yunin 1984, saura wata shida. Aka yi kunnen uwar shegu da shi. Da aka tayar da maganar a majalisar dokokin jihar Madhya Pradesh a ƙarshen 1982, ministan ƙwadago ya amsa da cewa masana'anta ba ƙaramin dutse ba ce da za a ɗauka a sauya mata wuri, kuma babu wani hatsari ga birnin. A 1984, shekarar zaɓe, gwamnatin jihar ta raba wa mazauna unguwannin talakawa takardun mallakar filayen da suka kafa bukkoki, har da na Jai Prakash Nagar da ke fuskantar ƙofar masana'antar. An ba su takardar zama, ba a haɗa musu da takardar abin da za su yi in jiniya ta yi kuka ba.

Yadda ruwa ya shiga tanki na 610 a daren, har yau akwai ƙauli biyu. Masu binciken gwamnatin Indiya da ma'aikata sun ce da daren an sa a wanke wasu bututu da ruwa ba tare da an sa faifan ƙarfen da ake toshe hanya da shi ba, ruwan ya taru ya bi ta bawul masu yoyo har ya kai tankin. Union Carbide ta dage cewa wani ma'aikaci mai jin haushi ne ya jona tiyo kai tsaye da gangan, kuma wani kamfanin bincike da ta ɗauka ya goyi bayan haka a 1988, ko da yake ba ta taɓa bayyana sunan mutumin a fili ba. An ɓata shekaru ana wannan gardama domin a kanta alhakin shari'a ya rataya. Ta fuskar kare rayuka kuwa ba ta sauya komai: an gina na'urar sanyaya da hasumiyoyin nan ne domin ranar da ruwa zai shiga, ko da kuskure ko da mugunta.

Masu aikin dare sun karɓi aiki da ƙarfe 11 saura. Ma'aunin matsin tankin da ya nuna 2 a farkon dare ya koma 10 da ƙarfe 11. Ba wanda ya damu, domin ma'aunan wurin sun saba yin ƙarya. Wajen 11:30 idanun ma'aikata suka fara yaji, wanda shi ne hanyar da suka saba gane yoyo, tunda babu na'urar da ke shinshino shi. Suka gano inda ruwa ke ɗiga, suka gaya wa shugaban sashe da 11:45, aka ce a bari sai an sha shayin 12:15. Kafin a gama shayi allurar ma'auni ta wuce 40, ta tafi har ƙarshen ma'aunin. Mai kula da ɗakin sarrafawa ya ruga wajen tankin, ya ji kankaren da ke ƙarƙashin ƙafarsa yana rawa yana tsagewa don zafi. A ciki zafin ya haura digiri 200. Bawul ɗin kariya ya buɗe. Aka yi ƙoƙarin tayar da hasumiyar soda, ba a ga alamar sodar na zagayawa ba, kuma ko da tana aiki ba a gina ta don ambaliya irin wannan ba. Aka buɗe famfunan feshi, ruwan ya tsaya a ƙasa da rabin tsayin bututun da gas ke fita, wanda ya haura mita 30. Motocin safa da ke ajiye a harabar domin kwashe mutane ba wanda ya tayar da su.

Daren na sanyi ne, iska kuma a hankali take kaɗawa zuwa kudu maso gabas, wajen tsohon gari. Wannan sashe shi ne Bhopal ta asali, mai masallatai da kasuwanni da cunkoson gidaje, birnin da mata huɗu suka yi sarautarsa tsakanin 1819 da 1926. Mutane suka farka da tari da ƙunar ido, da yawa sun ɗauka wani ne ke ƙona barkono. Da suka buɗe ƙofa don su sha iska sai suka shigo da gubar. Daga nan kowa ya fita gudun ceton rai, kuma da yake ba wanda ya san daga ina abin yake zuwa, dubbai suka bi hanyar da gas ɗin ke bi, yana tafe suna tafe. Mai gudu numfashinsa ya fi zurfi, saboda haka wanda ya fi ƙoƙari shi ya fi shaƙa. Waɗanda suka samu mota sun fi tsira. An tattake wasu a cikin turmutsutsu, iyaye suka rabu da 'ya'yansu a cikin duhu, idanu a rufe.

Abin da ya kamata a gaya musu bai kai jimla uku ba. A jiƙa tsumma a rufe hanci da baki da ido, domin ruwan da ke haukata MIC a cikin tanki shi ne kuma ke karya shi kafin ya kai huhu. A rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da jiƙaƙƙen zane. In fita ta zama dole, a ratsa iska ta gefe, kada a bi bayanta. Likitoci da masu bincike da suka yi nazarin daren sun yi ittifaƙi cewa wannan kaɗai da ya ceci rayuka masu yawa. Bai buƙaci na'ura ko kuɗin waje ba. Takarda ɗaya da harshen Hindi da ɗan zagaye a unguwa sun isa. Kamfanin bai yi ba, domin gaya wa maƙwabci yadda zai kare kansa daidai yake da amsa cewa akwai abin tsoro.

Hukuma ma a duhu take. Wajen ƙarfe ɗaya labari ya kai ga shugaban 'yan sandan birnin, Swaraj Puri, cewa jama'a na tserewa daga unguwar Chola. 'Yan sanda suka yi ta buga waya masana'anta. Sau biyu ana ce musu komai lafiya, a na ƙarshe aka ce ba a san abin da ya faru ba. Da babu sahihin bayani, abin da ya bazu a titi shi ne a gudu. A tashar jirgin ƙasa, wadda gas ɗin ya lulluɓe, mataimakin shugaban tasha Ghulam Dastagir ya sallami jirgin fasinja da ke tsaye kafin lokacinsa ba tare da jiran izini ba, aka kuma aika wa tashoshin maƙwabta su tsayar da jiragen da ke tafe. Shugabansa Harish Dhurve a bakin aiki ya mutu a daren. Kusan duk abin da aka yi daidai a wannan dare, mutum ɗaya ne ya yanke shawararsa a tsaye, babu wani shiri da ya gaya masa.

A asibitin Hamidia, mafi girma a birnin, majinyata sun fara isowa kafin ƙarfe biyu, kafin asuba sun cika ɗakuna da baranda da filin waje. Likitocin da ke aiki, da yawansu matasa da ɗalibai, an fara ce musu ammoniya ce, sannan aka ce fosjin, daga baya aka ce MIC, sunan da akasarinsu ba su taɓa ji ba. Da aka tuntuɓi likitan kamfanin sai ya ce abin ba ya kisa, kamar barkonon tsohuwa yake, a wanke ido da ruwa. Suka yi ta ɗiga maganin ido da ba da iskar oksijin ga wanda ta isa gare shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sabuwar gardama ta ɓarke. Farfesa Heeresh Chandra, wanda ya jagoranci binciken gawarwaki, ya ga jininsu ja wur, alamar da ke nuna gubar sayanayid, wadda ke iya fitowa in MIC ya yi zafi ƙwarai. Wani masanin guba daga Jamus, Max Daunderer, ya iso da allurar sodiyam tayosalfet, maganin wannan guba. Wani likitan uwar kamfanin ya fara aiko da saƙon a yi amfani da ita in ana zargin sayanayid, daga baya kamfanin ya ce babu buƙata, hukumomin lafiya na jihar kuma suka hana. Sai bayan watanni, da majalisar binciken lafiya ta Indiya ta yi gwaji, aka sake ba da izini. Ko allurar za ta ceci mutum nawa, masana ba su daidaita ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne cewa an shekara huɗu ana tara sinadarin a birnin ba tare da an zauna da asibitinsa an tsara abin da za a yi ba.

Ƙidayar farko ta hukuma ta ce mutum 2,259 suka mutu nan take. Daga baya gwamnatin jihar ta tabbatar da 3,787. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta fiye da 7,000 a kwanakin farko, da wasu 15,000 a shekarun da suka biyo baya. Bambancin ya samo asali ne daga yadda aka yi ta binne gawarwaki a kabari ɗaya da ƙona wasu a tare ba tare da rubuta suna ba, ga kuma gidajen da suka ƙare ƙaf babu mai zuwa cigiya. A wata takardar rantsuwa ta 2006 gwamnati ta ce mutum 558,125 ne suka jikkata.

Bayan mako biyu aka ga yadda wurin yake in an so a yi aiki da shi yadda aka zana. Sauran MIC na nan a tankuna biyu, fiye da tan 20, kuma hanya mafi aminci ta rabuwa da shi ita ce a mayar da shi Sevin. Daga 16 ga Disamba, ƙarƙashin jagorancin masanin kimiyya S. Varadarajan, aka tayar da masana'antar. An gyara hasumiyar soda, an kunna ta wuta, an rataya jiƙaƙƙun labule a kewaye, jirage masu saukar ungulu na feshin ruwa daga sama, an sanar da jama'a rana da lokaci. Cikin mako guda aka gama babu wanda ya yi ko tari. Gyaran da aka ce babu kuɗinsa kwanaki kaɗan ya ci. Sai dai jama'a sun daina yarda da kowace sanarwa, dubun dubata suka bar garin kafin ranar.

Shari'ar doguwa ce, amfaninta kaɗan. An kama shugaban Union Carbide, Warren Anderson, da ya sauka a Bhopal ranar 7 ga Disamba, aka ba da belinsa a ranar, ya bar ƙasar bai sake komawa ba har ya mutu a 2014. Indiya ta nemi diyyar dala biliyan 3.3, a Fabrairun 1989 ta karɓi miliyan 470, yawancin waɗanda suka jikkata suka tashi da rupi 25,000 a rabon farko. Sai a Yunin 2010 wata kotu ta yanke wa tsofaffin shugabannin reshen Indiya su bakwai ɗaurin shekara biyu-biyu, aka ba da belinsu nan take. Kamfanin Dow ya sayi Union Carbide a 2001, ya ce ba shi da alhaki. Tan 337 na dattin guba da ke jibge a harabar sai a Janairun 2025 aka kwashe su.

Inda Bhopal ta yi tasiri na gaske shi ne a dokokin aiki da sinadarai, kuma abin da dokokin suka fi nanatawa shi ne sanarwa. Union Carbide tana da tagwayen wannan masana'anta a garin Institute na jihar West Virginia, ta kuma tabbatar wa Amurkawa cewa irin haka ba za ta faru a can ba. A watan Agustan 1985 wani gas ya kuɓuce a can, aka kai mutum fiye da ɗari asibiti, kuma an yi jinkirin sanar da hukuma. A shekara mai zuwa majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kowace masana'anta ta bayyana wa hukumar kashe gobara da jama'ar yankin irin sinadaran da take ajiyewa da yawansu, ta kuma kafa kwamitocin shirin ko-ta-kwana a kowane yanki. A 1992 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da, a cikin sharuɗɗanta, ta hana a sauya wani abu a tsarin aiki, kamar kashe na'ura ko canza hanya, sai an zauna an rubuta abin da sauyin zai jawo. Indiya ta gyara dokar masana'antunta a 1987, ta wajabta bayyana hatsari ga ma'aikata da mazauna kusa. Yarjejeniya ta 174 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1993, ta ce a kai wa jama'a bayanin abin da za su yi in hatsari ya auku ba sai sun nema ba, ta kuma ba ma'aikaci ikon tsayar da aiki in ya ga babban hatsari na tafe.

Injiniyoyi kuma suka koma wa wata magana da Trevor Kletz, masanin kariyar masana'antu ɗan Ingila, ya yi tun 1978, cewa abin da ba a ajiye ba ba ya yoyo. MIC tsani ne kawai tsakanin sinadari da sinadari. Ana iya yin sa kaɗan-kaɗan a yi amfani da shi nan take. Kamfanin DuPont ya koma wa wannan hanya a masana'antarsa ta Texas jim kaɗan bayan Bhopal. A Institute kuwa an ci gaba da tara shi har 2008, lokacin da wata tukunya ta fashe kusa da tankin MIC ta kashe ma'aikata biyu, kuma masu kashe gobara suka yi ta neman a gaya musu abin da ke ci ba su samu amsa a kan lokaci ba. Kamfanin Bayer, mai wurin a lokacin, ya bar MIC a 2011.

Ranar 7 ga Mayun 2020, da tsakar dare, tururin sinadarin sitairin ya fita daga wani tanki na masana'antar LG Polymers da ke gefen birnin Visakhapatnam, a gabashin Indiya, yayin da ake shirin komawa aiki bayan kullen korona. Mutum 12 suka mutu, ɗaruruwa suka kwanta a asibiti, wasu an tsince su a sume a bakin titi da cikin kwata. Kwamitin da gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta kafa ya samu cewa sanyaya tankin ba ta wadatar ba, babu ma'aunin zafi a samansa, ma'aikata kuma ba su da horon da ya dace. Ya ƙara da cewa akwai wurare 36 a harabar da ake iya tayar da jiniya, har da bakin ƙofa, kuma ba a danna ko ɗaya ba.